Matse fayiloli da tattara su a kwamfuta: wanne ake farawa da shi, kuma a wane mataki?

A harkar gyaran kwamfuta da nake yi a nan Abuja, ƙorafi biyu ne suka fi yawa: "kwamfutata ta cika" da "kwamfutata ta yi nauyi". Masu shagon buga takardu da ɗalibai da 'yan kasuwa duk bakinsu ɗaya, ko na'urar daga Banex Plaza da ke Wuse 2 aka saye ta, ko daga Computer Village na Ikeja. Maganin na farko shi ne matse fayiloli, na biyu kuma tattara gutsattsarinsu wuri guda, abin da masu gyara ke kira difirag. Matsalar ita ce magungunan biyu suna taka wa juna ƙafa idan aka yi su ba bisa tsari ba. Shi ya sa na ga ya dace in jera wa 'yan'uwanmu na Agege da Sabon Ibadan da Ama Hausa yadda abin yake.

Yadda fayil ke tarwatsewa

Tsohon faifan ajiya, wato HDD, faranti ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai zuwa ya karanto abin da aka rubuta a kai. Tsarin ajiya na Windows, NTFS, yana yanka faifan gida-gida, kowane gida yawanci kilobait 4. Idan faifai sabo ne, fayil yana samun gidaje a jere. Amma da an daɗe ana gogewa ana ƙarawa, sai gurabe su rarrabu, fayil ɗaya ya kasu nan da can. Hannun sai ya yi ta safa da marwa kafin ya haɗo shi, kai kuma kana zaune kana jira. Aikin difirag shi ne ya kwaso gutsattsarin nan ya jera su kusa da juna.

SSD kuwa ba shi da faranti, ba shi da hannu. Duk inda bayani yake, kusan lokaci ɗaya yake ɗauka ya ɗauko shi. Don haka babu amfanin ka riƙa yi masa difirag da hannunka, sai ma rubuce-rubucen banza da ke cin kwanansa. Abin da yake buƙata shi ne TRIM, wanda Windows ke yi da kanta tun daga Windows 7. In ba ka san irin faifan da kake da shi ba, rubuta Defragment and Optimize Drives a wurin bincike, za ka ga an rubuta nau'insa a gaban sunansa.

Abin da matsewa ke yi

Matsewa dabara ce ta neman abin da ya maimaitu a cikin fayil a taƙaita shi, ba tare da an zubar da ko harafi ɗaya ba. Fayil mai yawan maimaici, kamar zallar rubutu ko fayilolin manhaja, yana raguwa sosai. Amma hoton JPEG da bidiyon MP4 da sautin MP3 an riga an matse su tun wurin haɗawa. Haka ma takardun Word da Excel na zamani, masu ƙarewa da docx da xlsx, su ma a matse suke. Wanda faifansa ya cika da finafinan Kannywood da hotunan biki, ko ya kwana yana matsewa ba zai ga wani wuri na a zo a gani ba. Maganinsa faifan waje ne.

Matakan matsewa a Windows

Hanya ta farko ita ce tsohuwar matsewar NTFS, wadda ta zo da Windows NT 3.51 a 1995. Ita ce ake kunnawa ta Properties, sai Advanced, sai Compress contents to save disk space. Ba ta da mataki, kunnawa ce ko kashewa. Tana yanka fayil kashi-kashi na kilobait 64, ta matse kowanne shi kaɗai. Fayil mai gigabait 1 ke nan ya zama kashi 16,384. Duk lokacin da aka gyara wani kashi girmansa ya canza, sai a nema masa wani gurbi. Nan ne tarwatsewa ke samo asali, kuma dalilin ke nan da HDD da aka matse gaba ɗayansa yakan ƙara nauyi bayan 'yan watanni.

Hanya ta biyu ta zo da Windows 10 a 2015, ta umarnin compact, kuma tana da matakai huɗu:

- XPRESS4K: mafi sauri, ragin kaɗan. Shi ake samu in ba a zaɓi komai ba.
- XPRESS8K: matsakaici.
- XPRESS16K: ya ɗan fi matsewa.
- LZX: ya fi duka matsewa, ya fi duka wahalar da firosesa.

Idan ka buɗe Command Prompt a cikin foldar da kake so, ka rubuta compact /c /s /exe:xpress8k, zai matse abin da ke ciki. Warwarewa kuma compact /u /s /exe ne. Sai dai a lura: wannan hanya an yi ta ne don fayilolin da ake karantawa kawai. Da zarar an gyara fayil, zai koma girmansa na asali, sababbin fayilolin da aka zuba a foldar kuma ba za su matsu da kansu ba. Ta dace da foldar manhajoji da tsofaffin ayyukan da aka gama. Ita kanta Windows ana iya matse fayilolinta da compact /compactos:always, abin da ke taimakon ƙananan kwamfutoci masu ajiyar gigabait 32 ko 64.

Masu amfani da Linux

A tsarin Btrfs, wanda Fedora ta mayar da shi na asali tun 2020, ayyukan biyu suna haɗuwa a umarni ɗaya: btrfs filesystem defragment -r -czstd, sai sunan folda. Yana sake rubuta fayilolin yana matse su a lokaci guda. Dabaru uku ne a nan. LZO ba ta da mataki. Zlib tana da mataki 1 zuwa 9. Zstd, wadda Yann Collet ya ƙirƙira, kamfanin Facebook ya fitar da ita a 2016, tana kaiwa mataki 15 a Btrfs. Zlib da zstd duk a mataki na 3 suke in ba a taɓa su ba, Fedora kuma mataki na 1 ta zaɓa wa kwamfutocin jama'a. Shekaru da dama umarnin difirag ɗin ba ya karɓar lambar mataki, sai a 2025 aka ƙara masa zaɓin -L don haka.

Gargaɗi ɗaya: in kana ajiye hotunan tsarin faifai da ake kira snapshot, difirag yana raba bayanan da suke tarayya a kai, kowanne ya samu nasa kwafin. Maimakon wuri ya ƙaru, sai ka ga ya ragu.

Me ya sa babban mataki ba shi ne mafi kyau ba?

Kamar cusa kaya ne a buhu. Dannawar farko ce ke samar da wuri mai yawa. Daga nan sai gumi ya yi yawa, ribar kaɗan. Daga mataki na 3 zuwa na 15, lokacin matsewa yana ninkuwa sau da yawa, amma wurin da ake samu ɗan ƙari ne. A tsohuwar laftof 'yar tokumbo, wannan na nufin zafi da ƙarar fanka da cin batir. Ni dai babban mataki ina barinsa ne ga abin da za a matse sau ɗaya a ajiye. Abin da ake buɗewa kullum kuwa, ƙaramin mataki ya ishe shi.

Tsarin da nake bi

1. Kwafe muhimman fayiloli zuwa filasha ko faifan waje tukuna. Faifan da ya fara ƙara ko yana maƙalewa, kada a yi masa difirag sam. Wahalar aikin tana iya ƙarasa shi da takardun kwastomomi a ciki.
2. Goge tarkace da Disk Cleanup, a kwashe bidiyoyi zuwa waje.
3. Matse abin da zai matsu kawai, folda-folda.
4. Sai a yi difirag daga ƙarshe, in HDD ne. Wanda ya fara tattarawa sannan ya matse ya yi aikin baban giwa, don matsewar za ta sake buɗe gurabe a tsakani.
5. A bar aƙalla kashi 15 cikin 100 na faifan babu komai. Shawarar Microsoft ce tun da daɗewa, saboda difirag yana buƙatar filin juya kaya.
6. A tabbatar da wuta. Babban faifai yana iya cin awanni, don haka laftof ta kasance a cike kuma a jone, ta tebur kuma a sa mata UPS ko a jira lokacin da janareto ke aiki.

Kafin ka ɓata lokaci, rubuta defrag C: /A a Command Prompt da izinin mai gudanarwa. Zai gaya maka yawan tarwatsewar ba tare da ya motsa komai ba. Sau da yawa za ka tarar babu abin yi, don Windows tana yin wannan aikin da kanta duk mako.

In kuma an yi duk wannan nauyin bai tafi ba, to faifan ne ya kai iyakarsa. Musanya HDD da SSD, ko da mai gigabait 256 ne, ya fi duk wata dabarar matsewa da tattarawa sauya tsohuwar kwamfuta. Tsohon faifan kuma kada a yar: a saya masa gida mai USB, ya zama ma'ajiyar hotuna da bidiyo.