Yaƙin Gallabat

Yaƙin Gallabat, wanda Habashawa ke kira yaƙin Matamma, shi ne gumurzun da aka yi ranar 9 ga Maris, 1889, tsakanin daular Mahadiyya ta Sudan a zamanin Halifa Abdullahi da daular Habasha ta Sarki Yohannes na Huɗu. Gallabat gari ne na kan iyaka wanda Takari suka raya, wato mutanen yamma da suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka. Mafarin yaƙin shi ne harin 1888, lokacin da Ansaru, mabiyan Mahadi, suka ƙone birnin Gondar da majami'unsa, abin da ya sa Yohannes ya fito ramuwar gayya. Kwamandan Ansaru, Zaki Tamal, ya kewaye sansaninsa da zariba, wato shingen ƙaya, amma Habashawa suka keta ta, har nasara ta kusa zama tasu kafin harsashi ya sami sarkin. Rasuwarsa washegari ta wargaza rundunar, Ansaru suka ƙwace gawarsa suka aika da kansa Omdurman, sannan Menelik na Shewa ya gaji sarautar Habasha.