Waƙar da Ta Koma Hannun Mai Ita: Manuel Ponce da Koncetonsa na Shekarar 1943

A zamanin mulkin Porfirio Díaz, masu hannu da shuni a Meksiko sun fifita kiɗan Italiya da Faransa, suna ɗaukar waƙoƙin ƙauye a matsayin abin da bai cancanci zauren kiɗa ba. A cikin wannan yanayi Manuel María Ponce ya tashi. An haife shi a Fresnillo a 1882, ya yi karatun kiɗa a Bologna da Berlin, ya dawo gida ya shiga tattara waƙoƙin talakawa yana rubuta su, daidai lokacin da juyin juya halin 1910 ke sa 'yan ƙasar tambayar kansu ko su wane ne.

Konceto dai kiɗa ne na Turai, galibi mai babi uku, wanda makaɗi ɗaya ke musayar amo da babbar ƙungiyar makaɗa. Na farkon da Ponce ya tsara, na fiyano, wanda aka fara kaɗawa a 1912, har yanzu yana ɗauke da ƙamshin Liszt. Sai da ya koma ɗalibi a gaban Paul Dukas a Paris, sannan hannunsa ya sauya.

Amfanin wannan zama ya bayyana a konceton bayolin, wato gogen Turawa, na 1943, wanda Henryk Szeryng, haifaffen ƙasar Poland, ya fara kaɗawa ƙarƙashin jagorancin Carlos Chávez. A babi na biyu Ponce ya saka "Estrellita", waƙar da shi da kansa ya fitar a 1912. Ta riga ta bazu a duniya har mutane da yawa suna zaton ta gargajiya ce, ba ta da mai ita. Bai kawo ta a fili ba: ya tsinka ta gutsi-gutsi, ya lulluɓe ta da sautuka masu duhu irin waɗanda ya koyo a Paris, ta yadda mai sauraro kan gane ta ne a hankali, kamar fuskar tsohon aboki a cikin hazo.

Wannan na raunana ra'ayin da ke cewa makaɗan kishin ƙasa aron jama'a kawai suka yi suka sa masa rigar Turai. A nan jama'a ce ta fara karɓe waƙar daga hannun Ponce, shi kuma ya karɓo ta bayan shekara 31. Ya rasu a 1948.