Majo: Tarihin Aiki Cikin Kalma Guda

A Badagishiri in an ce "majo", shugaban likitar gari ake nufi. Kalmar daga Faransanci ta fito, muƙamin babban ma'aikacin jinya ce. Na bi sawunta, sai ta kai ni ga tsarin mulkin mallaka: a 1918 Faransa ta buɗe makaranta a Dakar don horar da ƴan Afirka su zama mataimakan lokotoro. Asibitin Galmi ma sai 1950 aka kafa shi.  Har yau majo ke hawa moto, ya ratsa fadama da tsauni, ya kai rigakafi rugage. Wanda bai son daji bai daɗewa ga aikin ga.