Fijo 504 da Injinan Gas Ɗinta Guda Uku



Duk wanda fatauci ya kawo iyayensa garin nan ya san Peugeot 504, wato Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975. Ban da injin fetur, masu ita sun yi mata injin gas har kala uku.

Ƙaramin mai lita 1.9 ne, ba shi da shan mai, amma in aka yi masa lodi aka doshi hawa irin na hanyar Jos sai nishi. Na tsakiya lita 2.1 ne. Babban, mai lita 2.3, daga baya ya zo, ƙarfinsa kusan na doki 70. Duk da haka bai kamo injin fetur mai lita 2 ba, wanda ya haura doki 90.

To me ya sa iyayenmu suka fi sayen mai fetur? Lokacin fetur na da araha saboda tallafin gwamnati, ga gudu, ga makanikai da kayan gyara ko'ina. Sai aka bar wa manyan motoci gas, irin su Mercedes 911 da motocin Steyr da aka riƙa haɗawa a nan Bauchi.

Wannan tallafi an janye shi a 2023. Don haka mai son sayen motar sana'a yau kada ya ce ai haka Baba ya yi. Ya fara tambayar kuɗin litar kowanne, da inda zai samu mai gyara.

Allah Ya sa mu dace.