Yawon kokowa a Arewa, kafin takobi da bayansa

A Amurka akwai gardamar da ta daɗe kan yara masu wasan ƙwallon kwando. Ƙungiyar AAU, wadda aka kafa tun 1888, tana shirya gasa inda ake kwasar yara daga gari zuwa gari, su buga wasa uku ko huɗu a yini guda. Wasu na cewa yawon ne ke goge yaro. Kobe Bryant kuwa a 2015 ya soki tsarin, don a ganinsa yaran suna ta wasa amma ba a koya musu tushen wasan. Mu nan Dogondutsi ba mu da irin wannan gasa, filin kwando ma sai a wata makaranta. Amma gardamar tamu ce, domin muna da kokowa, kuma ɗan kokowa tun asali matafiyi ne.

A da, kokowa tana da lokacinta. Sai an yanke hatsi, an ɗaure damma, an cika rumbu, sannan ganga ta tashi. Samarin wani gari su ɗauki layunsu da makaɗinsu su nufi Matankari, ko Gecheme, ko Kore Mai Ruwa, a ƙasa, suna bin Dallol Mawri. Masu ƙarfin hali har su tsallaka iyaka zuwa ƙasar Kabi. Abin da na fi lura da shi a labarin tsofaffi shi ne yaro ba ya tafiya shi kaɗai. Yana bayan wani babba, shi ke ɗaukar masa kaya, shi ke zaune bakin fili yana kallo. Da la'asar ake fara sakin ƙanana, kowa da sa'ansa, manya sai daga baya. In an kada yaro, to, an kada shi. Ba a yi asarar komi ba sai ƴar dariyar ƴanmata. A hanyar komawa gida babban zai ce masa, "Kai, ƙafarka ta hagu ka bari a gaba, shi ya sa ya taɗe ka." Washegari a rairayin bayan gari a sake gwada kamun har ya zauna. Da ruwan farko ya sauka kuma kowa ya koma gona, jiki ya sami wata biyar ko shida yana warkewa, noma na ƙara masa ƙarfi.

Seyni Kunce ya karɓi mulki a Afrilun 1974, ya raya samariya, kuma a 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga nan wasan kaka ya zama na gwamnati. Yau jihohi 8 ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10, ana zagaya manyan garuruwa shekara shekara. Ba na cikin masu cewa wannan ya lalata kokowa. Ba don shi ba, da sunan Salma Ɗan Rani bai kai inda ya kai ba, har filin kokowa na Doso ya ɗauki sunansa. Issaka Issaka, wanda ya kawo wa jiharmu takobi har sau 6, karawa da ƙattin Tawa da Maraɗi da Damagaram ce ta gasa shi. Wanda bai taɓa fita garinsu ba, kamun mutum biyar kawai ya sani, ya ɗauka shi zaki ne.

Matsalar tana can ƙasa, wajen masu shekara 15 zuwa 18. Tun da kuɗi ya shigo, kokowa ba ta jiran kaka. Ɗan siyasa ya shirya tasa, ɗan kasuwa ya sa rago ko babur, ranar kasuwa a yi wata. Yaro ya hau kabu-kabu yau nan, jibi can, ba babba tare da shi, ba ranar gyaran kuskure. Kuma kokowarmu ba ta raba mutane da nauyi, saboda haka ɗan yaro na iya faɗawa hannun wanda ya ninka shi. Mai son rago ba ya gwada sabon kamu, don kaye guda ya fitar da shi. Sai ya riƙe dabara ɗaya da ƙarfin tsiya. Gwiwa ta gurɗe, maimakon hutu a sha ƙwaya a sake shiga. Lakwal kuwa, wallahi, ba a ma zancenta.

A ganina tafiya ba ta taɓa cutar ɗan kokowar Arewa ba. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da ke tafiya da yaron, da watannin damina da ba a kaɗa ganga. Tsoffin ƴan kokowa suna nan da ransu a Doci da Tibiri, da yawansu a bakin tasha ko gindin bishiya, kuma masu shirya kokowar rago ba sa aika musu ko goro.