Ƙurar da ke tsakanin taurari

Yau a kan ƙura zan yi magana, amma ba wadda hunturu ke kwaso mana daga Chadi ba.

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero da daddare cikin hazo ya san abin: fitilar motar da ke tahowa ta dushe, ta yi ja, ka ɗauka tana nesa, ashe ga ta dab da kai. To, irin wannan ruɗin ne masu nazarin taurari suka daɗe a ciki.

A 1784 William Herschel ya hango wani fili baƙi ƙirin a sama, babu tauraro, sai ya ɗauka rami ne. A 1919 E. E. Barnard ya fitar da jerin irin waɗannan wurare har 182. Shi kuwa Harlow Shapley, da ya auna faɗin tarin taurarin da ranarmu ke ciki a 1918, bai sa ƙura a lissafi ba, sai ya sami tafiyar haske ta shekara 300,000. Ya zarce ƙwarai.

Wanda ya warware zancen, kuma ni shi ya fi burge ni, shi ne Robert Trumpler, a cibiyar Lick da ke Kalifoniya, a 1930. Ya auna nisan gungun taurari ta hanya biyu: girmansu a ido, da ƙarfin haskensu. Awon ya ƙi haɗuwa. Iya nisan gungu, iya saɓanin, kuma na nesa sun fi ja. Kun ga hazo ke nan.

Daga baya aka koma auna ƙurar kanta. Sanyinta ya kai wajen digiri 250 ƙasa da sifiri, amma tana fitar da ɗan ɗumin da ido ba ya gani. IRAS a 1983, Spitzer a 2003, da Herschel a 2009, duk don kama irin wannan ɗumin aka harba su.

Me ya sa aka damu da ƙananan tarin taurari da ke maƙwabtaka da namu? Ƙarfe da sinadarin gawayi sun yi ƙaranci a cikinsu, kamar yadda sama take tun farko, kafin taurari su ƙera su. Kuma da irin wannan ƙura aka gina ƙasar da muke takawa.

Ɗaya daga cikinsu, Babban Gajimaren Magellan, daga Maiyama ko Kuberi bai wuce digiri 8 sama da bakin ƙasa ta kudu ba, kuma a Disamba da Janairu yake fitowa da wuri, daidai lokacin da hazo ya rufe wurin. A cikinsa wani tauraro ya fashe, aka gani a 1987. A 2011 Herschel ya gano cewa ƙurar da ta taru a kufansa ta kai wajen rabin nauyin rana.