Bangaskiya

Kalmar haɗi ce: “ban” da “gaskiya”, wato ba da gaskiya, ƙira ɗaya da ban kwana, ban haƙuri da ban ruwa. Musulmi ya fi cewa imani, aron Larabci. Kirista Bahaushe kuwa, a majami'un ECWA da Angilikan da Katolika na Gusau, ko a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, bangaskiya yake cewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 da hannun Likita Mila na Zariya a aikinsa, shi ya kafa ta a bakin masu bi.

Abin lura shi ne, a wannan ƙira gaskiya abar bayarwa ce. Wanda ka ba gaskiya ka amince da maganarsa, kamar yadda alƙali ke yi bayan ya saurari shaidu. Ke nan kalmar ba ta kori hujja ba, ta dai ɗora nauyin a kan amincin mai magana.

Nan ne labarin Toma almajirin Yesu, a Linjilar Yohanna sura ta 20, yake zama daram a kunnen Bahaushe, mai cewa gani ya kori ji. Toma ya ƙi yarda da tashin Yesu daga matattu sai ya ga gurbin ƙusoshi. An nuna masa, ba a kore shi ba, ko da yake an yi wa waɗanda suka gaskata ba su gani ba albarka. A ganina masu wa'azin da ke mayar da kokwanto zunubi tsagwaronsa sun tsallake rabin labarin. Ita shakka, kishiyar bangaskiya, Balarabiya ce, haka ma shaida da hujja.